Malam Aminu Kano: Malamin makarantar da ya koya wa 'ya'yan talakawa sanin 'yancinsu

A ranar Lahadi, 17 ga watan Afrilu, 1983, Allah Ya yi wa Malam Aminu Kano rasuwa a gidansa da ke unguwar Gwammaja a birnin Kano, yana da shekara 62 a duniya. Akasarin 'yan Najeriya sun fi saninsa da siyasa, a matsayin jagoran jam'iyyar NEPU, shugaban PRP, kuma ɗan takarar shugabancin ƙasa a zaɓen 1979. Sai dai tun kafin ya hau dandalin siyasa, alli da allo ne sana'arsa. Daga 1942 zuwa 1950 yana cikin aikin koyarwa, kuma abin da ya shuka a zukatan ɗalibansa a Bauchi da Maru shi ne ya fito da shi fili daga baya: cewa ɗan talaka da ɗan sarki, mace da namiji, darajarsu ɗaya a gaban Allah da gaban shari'a.

Asali da ƙuruciya

An haifi Aminu a ranar 9 ga watan Agusta, 1920, a unguwar Sudawa da ke cikin birnin Kano. Mahaifinsa, Malam Yusufu, malami ne masanin fiƙihu wanda ya yi aikin muhuti a kotun Alƙalin Kano. Zuriyarsu ta Fulanin Genawa ce, wadda ta shahara wajen fitar da malamai da alƙalai. Mahaifiyarsa, Malama Rakiya, ita ma 'yar gidan malamai ce, kuma a hannunta ya fara karatun Alƙur'ani. Ta rasu yana da kimanin shekara shida, amma tasirinta bai gushe daga gare shi ba. Yaron da mace ta fara ɗora wa karatu ba zai yarda daga baya a ce masa ilimi bai dace da mata ba.

A gidan da ya tashi, zancen shari'a da adalci abin yau da kullum ne. Ya ga yadda ake kawo ƙara, ya ga yadda mai ƙarfi kan danne marar ƙarfi, ya kuma ji yadda malamai ke auna aikin masu mulki da ma'aunin da Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ƙanensa Abdullahi da ɗansa Muhammadu Bello suka bari a littattafansu. Wannan ma'auni shi ya riƙe har ƙarshen rayuwarsa.

Ya shiga makarantar elemantare ta Shahuci a 1930, daga nan ya wuce Makarantar Midil ta Kano. A can ne ya fara nuna halinsa, inda ya kasance cikin jagororin ɗaliban da suka yi bore saboda ƙarancin sabulu da rashin ingancin abinci da tsananin horo. A 1937 ya sami shiga babbar kwalejin Arewa, wadda aka fara a Katsina, aka mayar da ita Kaduna, wato wadda a yau ake kira Kwalejin Barewa da ke Zariya. Ya kammala a 1942 da shaidar koyarwa.

A kwalejin ne ya gano amfanin wasan kwaikwayo. Ya rubuta wasanni da Hausa, ɗaya yana nuna yadda ake cutar baƙauye idan ya shigo kasuwar Kano, wani kuma yana tona yadda hakimai da 'yan korensu ke tatsar talakawa da sunan haraji. Ya lura cewa abin da ba a iya faɗa wa mai mulki baki da baki, ana iya nuna shi a dandali, jama'a su yi dariya, su kuma koma gida da abin tunani.

Bauchi: inda aji ya zama fagen tambaya

Makarantar Midil ta Bauchi ce wurin aikinsa na farko. A can ya haɗu da Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda daga baya ya zama Firayim Ministan Najeriya, da Malam Yahaya Gusau. Mafi tasiri a kansa shi ne Malam Sa'adu Zungur, masani kuma mawaƙi, wanda ya girme shi da 'yan shekaru, ya kuma riga shi nisa wajen nazarin siyasa da addini.

Makarantun wancan zamani an gina su ne domin samar wa En'e da gwamnatin Turawa ma'aikata: malaman haraji, akawuna, malaman asibiti da na gona. Abin da ake nema ga ɗalibi shi ne ladabi da biyayya, kuma tsakaninsa da malami akwai tazara mai faɗi. Aminu ya rage wannan tazara. Ya jawo ɗalibai jikinsa, ya buɗe musu ƙofar gidansa, ya ƙarfafa muhawara da wasan kwaikwayo da aikin 'yan sikawut. A wajensa, yaron da aka hana yin tambaya a aji ba zai iya tambayar dagaci ko alƙali ba idan ya girma. Saboda haka ya ɗauki iya tambaya da iya kare hujja a matsayin darasi mai zaman kansa, daidai da lissafi da Turanci.

Abin bai tsaya a harabar makaranta ba. A 1943 aka kafa wani zauren tattaunawa a Bauchi, inda malaman makaranta da ma'aikatan En'e da jami'an Turawa ke zama su yi muhawara kan al'amuran jama'a. Aminu da Sa'adu Zungur na cikin masu zafin baki a zauren. Da muhawara ta kai ga tsarin mulkin En'e kansa, hukuma ta ga abin ya wuce gona da iri, zauren ya mutu. Maimakon su yi shiru, sai suka kafa ƙungiyar ci gaban Bauchi, wadda masana tarihi ke lissafawa cikin ƙungiyoyin siyasa na farko a Arewa.

Landan da abin da ya gani

A 1946 ya sami gurbin ƙaro ilimi a Cibiyar Nazarin Ilimi ta Jami'ar Landan. Ya isa Ingila shekara ɗaya bayan ƙare Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da jam'iyyar Leba ke mulki, tana faɗaɗa ilimi da kiwon lafiya ga 'ya'yan ma'aikata. Ya ga ƙasar da ke da sarki, amma talaka na iya sukar minista a jarida ya kwana a gidansa. Ya yi cuɗanya da 'yan siyasa masu ra'ayin gurguzu da ɗalibai daga sauran ƙasashen da ke ƙarƙashin mulkin mallaka. Yana can Indiya ta sami 'yancin kai a 1947, kuma salon Mahatma Gandhi na gwagwarmaya ba tare da makami ba, da sauƙin rayuwarsa, sun yi masa tasiri ƙwarai.

Tun a Landan ya fara shirin haɗa kan malaman makarantun Arewa, kuma bayan dawowarsa aka tabbatar da Ƙungiyar Malaman Arewa a 1948, shi ne babban sakatarenta. Tana cikin ƙungiyoyin ma'aikata na farko da suka game yankin baki ɗaya. Buƙatunta sun haɗa da kyautata albashi da gyaran manhaja. Fahimtarsa ita ce malamin da ba ya iya neman haƙƙinsa ba zai iya koya wa yaro neman nasa ba.

A ƙarshen wannan shekarar ce, ranar 10 ga watan Disamba, 1948, Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da Sanarwar Haƙƙin Ɗan Adam. Sashe na 26 na sanarwar ya tabbatar wa kowa haƙƙin samun ilimi, ya kuma bayyana cewa daga cikin manufofin ilimi akwai ƙarfafa girmama haƙƙin ɗan Adam da fahimtar juna tsakanin al'ummomi da addinai. Abin da duniya ta rubuta a birnin Paris, matashin malamin ya riga ya fara gwada shi a ajinsa na Bauchi.

Maru da ajiye aiki

Hukuma ba ta saki jiki da shi ba. A 1949 aka tura shi Kwalejin Horar da Malamai ta Maru, a Lardin Sakkwato na wancan lokaci, wato Jihar Zamfara a yau. Nisanta shi da birane bai sanyaya shi ba. A Maru waɗanda ke gabansa malaman gobe ne, kowannensu zai koma wani ƙauye ya riƙe aji, don haka duk abin da ya koya musu zai yaɗu fiye da inda ƙafarsa za ta kai. Ya ci gaba da samun saɓani da jami'an En'e da na Turawa kan yadda ake mu'amala da talakawan yankin.

A ranar 8 ga watan Agusta, 1950, wasu matasa takwas, cikinsu har da Abba Maikwaru da Bello Ijumu da Magaji Ɗambatta da Mudi Sipikin, suka kafa jam'iyyar NEPU a Kano. Aminu bai shiga jerinsu a fili ba, domin doka ta hana ma'aikacin gwamnati shiga siyasar jam'iyya. A watan Nuwamba na shekarar ya ajiye aikinsa, ya koma Kano. Ya bar albashi tabbatacce da matsayin da 'yan boko kaɗan ne suke da shi a Arewa, ya rungumi rayuwar da ba ta da tabbas. A 1953 aka zaɓe shi shugaban jam'iyyar.

Jam'iyyar da ta zama makaranta

Sanarwar Sawaba, wadda NEPU ta fitar a 1950, ta bayyana cewa talauci da jahilcin da suka dabaibaye Arewa sun samo asali ne daga tsarin mulkin da ya fifita wasu gidaje a kan sauran jama'a, kuma mafita ita ce talakawa su sami iko da kansu ta hanyar ƙuri'a. Aikin isar da wannan saƙo ga manomi da maɗinki da mahauci da ɗan koli aikin koyarwa ne, kuma Aminu da salon malami ya yi shi.

Lacca a bakin kasuwa ta zama darasi. Ana bayyana wa mutane cewa noma gandun mai sarauta ba tare da lada ba zalunci ne, cewa kuɗin da ake karɓa a hannunsu bayan harajin da doka ta sani haramun ne, cewa zubewa ƙasa a gaban ɗan Adam bai dace da mutuncin da Allah Ya ba su ba. Hujjojinsa daga Alƙur'ani da Hadisi da rubuce-rubucen shugabannin jihadi yake ciro su, shi ya sa ya yi wuya a gamsar da jama'a cewa baƙon ra'ayi ya ɗauko daga Turai. Tafsirin da yake yi a watan azumi ya jawo jama'a masu yawa, kuma ayoyin adalci da amana su ne ya fi tsayawa a kansu.

Magoya bayan jam'iyyar sun ɗanɗana kuɗarsu. An ɗaure da yawa a kotunan alƙalai bisa zargin zagin sarki ko yin taro ba izini, an yi wa wasu bulala, an kori wasu daga garuruwansu, 'yan banga kuma sun far wa wasu. A zaɓen 1951 NEPU ta yi rawar gani a matakin farko a Kano, amma tsarin zaɓe mai hawa-hawa, wanda ya ba En'e damar cusa mutanenta a matakan sama, ya hana ta kai wakilai majalisa. Duk da haka saƙon ya bazu har gabashin Arewa. A Lardin Borno, wanda a lokacin ya haɗa da Potiskum da Damaturu, an buɗe rassan NEPU tun farkon shekarun 1950, kuma Waziri Ibrahim, wanda daga baya ya kafa GNPP, yana cikin waɗanda suka fara da reshen Damaturu. A 1956 jam'iyyar ta ƙulla ƙawance da ƙungiyar matasan Borno da Ibrahim Imam ya jagoranta.

Ilimin mata da makarantun Islamiyya

Babu fannin da Malam Aminu ya sha suka a kansa kamar batun mata. A lokacin da ake ganin fitar mace makaranta ko taron siyasa abin kunya ne, shi ya tsaya kan cewa al'ummar da ta bar rabinta cikin duhu ba za ta ci gaba ba. Ya riƙa tunatar da malamai cewa Shehu Usmanu da kansa, a littafinsa Nurul Albab, ya soki mazan da ke barin matansu da 'ya'yansu mata cikin jahilci, kuma 'yarsa Nana Asma'u ta kafa tsarin 'Yan Taru, inda jajis ke kai karatu ga matan karkara.

Bai tsaya ga magana ba. A gidansa ya buɗe ajin koya wa mata karatu da rubutu da sana'ar hannu. A Sudawa kuma, a farkon shekarun 1950, ya jagoranci kafa makarantar Islamiyya ta zamani, wadda ake lissafawa cikin na farko a Kano. Tsarinta ya haɗa karatun addini da Larabci da tsarin aji da allo da jadawali, yara maza da mata suna zuwa. Makarantar ta fuskanci adawa mai tsanani daga masu ganin ta a matsayin reshen NEPU, amma irin da aka shuka ya tsiro. A yau da wuya a sami unguwa a biranen Arewa da babu Islamiyya, kuma a da yawa daga cikinsu 'yan mata ne suka fi yawa.

A fagen siyasa, NEPU ta buɗe reshen mata, wanda Hajiya Gambo Sawaba ta zama fitacciyar jagorarsa, ta kuma sha ɗauri saboda haka. Jam'iyyar ta nemi a ba matan Arewa damar jefa ƙuri'a tun a tarurrukan tsarin mulki na shekarun 1950, a lokacin da takwarorinsu na Kudu suka fara samun wannan dama. Ba a biya wannan buƙata ba sai a 1976. A shirin zaɓen 1983, Malam Aminu ya ɗauki mace, Bola Ogunbo, a matsayin mataimakiyarsa a takarar shugabancin ƙasa, sai dai ajali ya riske shi kafin ranar zaɓe.

Majalisa, gwamnati da rabuwar kai

A 1959 ya ci zaɓen Majalisar Wakilai ta Tarayya daga mazaɓar Kano ta Gabas, ya kuma riƙe muƙamin mataimakin mai tsawatarwa na ɓangaren gwamnati sakamakon ƙawancen NEPU da NCNC. Ya rasa kujerar a 1964. A zamanin Janar Yakubu Gowon ya zama Kwamishinan Sadarwa na Tarayya daga 1967, sannan na Lafiya daga 1971 zuwa 1974. Ya kuma kasance cikin waɗanda suka yi aikin tsara kundin mulkin 1979.

A zaɓen 1979 ya zo na huɗu da kimanin kashi 10 cikin 100 na ƙuri'u, amma PRP ta ci kujerun gwamna a Kano da Kaduna. Gwamnonin biyu, Muhammadu Abubakar Rimi da Abdulƙadir Balarabe Musa, sun soke haraji da jangali, abin da NEPU ta shafe kusan shekara 30 tana nema.

Shekarunsa na ƙarshe ba su rasa ɗaci ba. PRP ta dare gida biyu, 'yan santsi da 'yan taɓo, inda wasu daga cikin almajiransa na siyasa suka zarge shi da sassauci ga gwamnatin NPN, shi kuma ɓangarensa ya zarge su da saɓa wa tsarin jam'iyya. Tun kafin nan ma akwai masu ganin bai kamata ya yi aiki da gwamnatin soja ba. Masana na ci gaba da muhawara kan waɗannan batutuwa. Abin da ko abokan hamayyarsa ba su musa ba shi ne bai tara dukiya ba, kuma matasan da suka yi masa tawaye da makamin da ya ba su suka yi: ɗabi'ar tambayar shugaba.

Ya bar rubuce-rubuce da Hausa, cikinsu akwai Motsi Ya Fi Zama, da Hikayoyin Kaifafa Zukata, da tarihin rayuwar amininsa Sa'adu Zungur.

Darasinsa ga makarantun yau

A takarda, yawancin abin da ya yi fafutuka a kai ya zama doka. Babi na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya jera haƙƙoƙin ɗan ƙasa, kuma sashe na 42 ya haramta nuna bambanci saboda ƙabila ko jinsi ko addini ko asalin haihuwa. Najeriya ta amince da Yarjejeniyar Haƙƙin Yara ta Majalisar Ɗinkin Duniya a 1991, ta kafa Dokar Haƙƙin Yara a 2003, sannan dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro karatun shekara tara kyauta. Darasin sanin haƙƙi da nauyin ɗan ƙasa yana cikin manhajar firamare da sakandare.

Tazarar da ke tsakanin doka da rayuwa ita ce matsalar, kuma garuruwa kaɗan ne suka san tsadar wannan tazara kamar Potiskum da ke Jihar Yobe. A watan Yulin 2013 'yan bindiga sun kashe ɗalibai masu yawa a makarantar sakandaren gwamnati ta Mamudo, kusa da garin. A ranar 10 ga watan Nuwamba, 2014, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a taron safe na makarantar sakandaren kimiyya da fasaha ta gwamnati da ke Potiskum, ɗalibai fiye da 40 suka rasu. Jihar ta kuma ga harin Buni Yadi a 2014 da sace 'yan matan Dapchi a 2018. Waɗanda suka kai hare-haren haƙƙin yaro na zama a aji suka nufa, kuma iyayen da suka sake tura 'ya'yansu makaranta bayan haka sun kare wannan haƙƙi da abin da ya fi komai tsada a wurinsu.

Potiskum gari ne na mahaɗa. Ngizimawa da Karekare da Bolawa da Ngamo da Hausawa da Fulani da Barebari, Musulmi da Kirista, suna cin kasuwa ɗaya, 'ya'yansu kuma suna zama a benci ɗaya. A irin wannan aji, daidaito abu ne da yaro ke gani da idonsa kafin a rubuta masa shi a allo. Yana gani wa ake ba shugabancin aji, wa ake yi wa bulala, wa ake ƙyalewa saboda matsayin mahaifinsa, kuma ko yarinya na samun damar ɗaga hannu kamar ɗan'uwanta namiji. Idan abin da ke allo ya saɓa wa abin da malami ke aikatawa, aikin malamin yaro zai ɗauka.

A nan ne rayuwar Malam Aminu ke da abin faɗa ga ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Tarayya da ke Potiskum da sauran cibiyoyin horar da malamai. Ya koyar da 'yanci da harshen da yaro ke ji, ya kafa hujja da addini da tarihin da iyayen yaron ke girmamawa, ya yi amfani da wasa da muhawara a maimakon hadda kawai, ya kuma haɗa neman haƙƙi da sauke nauyi. Waɗannan dabaru ba sa buƙatar kuɗi mai yawa. Abin da suke buƙata shi ne malamin da ya yarda ɗalibinsa ya tambaye shi.

An binne Malam Aminu Kano a cikin gidansa na Gwammaja, wanda ake kira Gidan Mambayya. A yau gidan cibiyar nazarin dimokuraɗiyya ce a ƙarƙashin Jami'ar Bayero, inda ake gudanar da bincike da horarwa da laccar tunawa da shi. Filin jirgin saman Kano da asibitin koyarwa na birnin da kwalejin nazarin shari'a da addinin Musulunci duk suna ɗauke da sunansa. Allah Ya jiƙansa da rahama.